Na Kwana Biyu A Otal A Garin Kakannina

 Yau zan ba ku labarin wani abu da na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, domin a gidanmu abin kunya ne. Ni ɗan mai goro, jikan mai goro, na je Kano na kama ɗaki a otal na kwana biyu, alhali gidan wan mahaifina yana nan cikin birni, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a adaidaita sahu.

Wanda bai tashi a zango ba zai ce to mene ne a ciki? Mu a Sabo ta Badun, tun da aka kafa unguwar a 1916, baƙo ba ya rasa masauki. Mutum ya taso daga Arewa da shanu, ko ya zo sarin goro, maigidansa ne zai sauke shi, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, in ciniki ya faɗa a fitar da la'ada. Ba a biyan kuɗin kwana. Har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a unguwar tamu ya rubuta littafi a kan wannan tsarin, aka buga shi a 1969. Kakana yana cikin masu saukar baƙi, kuma ni na tashi na tarar da ɗakuna uku a ƙofar gidanmu waɗanda ba na kowa ba ne, na baƙi ne. Saboda haka a wurin Baba, mutum biyu ne ke sauka a otal: wanda ba shi da kowa, da wanda yake da abin ɓoyewa. Ni kuwa a wannan tafiyar, in zan faɗi gaskiya, kowanne na ɗan taɓa.

Ga yadda abin yake. Kakana 'ya'ya maza biyu ya bari, uba ɗaya uwa kowa da tasa. Babban, wato Baffa, tun yana yaro aka kai shi Kano karatun allo, ya zauna can. Baba shi ne ƙarami, shi ya tsaya a Badun. Sai sana'ar ta zama igiya ɗaya mai baki biyu: Baba ya shiga Shagamu da ƙauyukan Yarbawa ya sari goro, a zaɓe, a jera shi cikin ganye, a ɗaure huhu, a loda a mota, Baffa ya tarbi kaya a kasuwar goro ta Mariri ya sayar, ya aiko da kuɗi. Babu takarda, babu sa hannu. Haka suka yi shekara da shekaru.

A 2008, ina ɗan shekara goma, wata mota da ta ɗauko kayansu ta lalace bayan an haye gadar Jebba, ta yi kwana shida a hanya cikin zafi. Duk wanda ya san goro ya san ba ya son zafi, ba ya son iska, kullum sai ana buɗe shi ana yayyafa masa ruwa kamar jariri. Kaya suka isa Kano fiye da rabi ya lalace. Baffa ya ce ba hanya kaɗai ba ce, tun farko goron mai sankara ne, Baba bai tsaya ya zaɓa ba. Baba ya ce a'a, an dai sayar an ɓoye masa lissafi. Da a nan aka tsaya da sauƙi, asara ce, kuma ɗan kasuwa ya saba da ita. Amma sai magana ta fita daga goro ta shiga iyaye mata, kun dai san 'yan ubanci. Tun daga ranar ba su sake magana ba. In an yi rasuwa sai dai a aika wani ya yi ta'aziyya. Rabona da Kano tun babbar sallar 2007.

A ƙarshen 2023 Baba ya faɗi a rumfa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi makonni a asibitin UCH aka sallamo shi, magana tana fita amma da ƙyar, sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Wata safiya cikin Janairun 2024 ya sa aka kawo masa kwandon farin goro har bakin gado. Da hannun hagu ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya juya shi, ya duba, ya ajiye wannan nan, wancan can. Na ce Baba kawo in taya ka, ya harare ni. Tun hantsi har aka kira azahar yana abu ɗaya, sai da ya ware ƙwarya biyu, wato ɗari biyu cif. Sannan ya ce in kai wa Yaya. Yaya ya ce, kalmar da ban ji ta a bakinsa ba shekara goma sha biyar. Na ce in na je me zan ce masa? Ya ce kai dai ka kai. Kuma ka sauka a gidansa.

Hanya ba sai na ba ku labari ba, kun san ta: Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, daga nan direba ya bi ta Bida don ba mai son ratsa dajin Birnin Gwari, ga kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mun tashi Talata da yamma, ba mu shiga Kano ba sai Laraba bayan isha'i. Ina sauka sanyin hunturu ya mare ni, irin wanda mu 'yan Badun ba mu san shi ba. Na tsaya da jaka a kafaɗa da ƙunshin goro a hannu, na tambayi kaina: yanzu da daren nan zan je in buga ƙofar mutumin da rabonsa da ni ina ɗan shekara tara? In ya leƙo ya ce bai san ni ba fa? Ina zan nufa cikin lungunan birni da ƙarfe goma na dare? Sai na ce wa mai adaidaita ya kai ni otal mai araha. Ya dube ni, ya dubi hulata, bai ce komai ba, ya nufi Sabon Gari.

To a nan ne abin dariyar yake. Na baro Sabo, unguwar da aka ware wa Hausawa a ƙasar Yarbawa, na zo na sauka a Sabon Gari, unguwar da aka ware wa mutanen Kudu a ƙasar Hausa. Sunayen titunan ma kaɗai sun isa: Igbo Road, Yoruba Road, Enugu Road. Matar da na tarar a kanta tana waya da Yarbanci, Yarbancin ma irin na wajen Ogbomosho. Da ta ajiye wayar sai bakina ya riga ni, na gaishe ta da harshenta. Ta ɗago kai ta ƙare mini kallo, ta ce daga ina? Na ce Sabo, kusa da Mokola. Ta yi shewa ta ce ita kuma a nan Kano aka haife ta, sau uku ta taɓa zuwa garinsu, kuma in ta je can 'yar Hausa suke ce mata. Muka yi ta dariya, tana yi mini Hausa irin ta Kanawa wadda ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, ina mayar mata da Yarbanci. Wallahi tun da na shigo Kano ban ji na iso gida ba sai a gaban kantar nan.

Amma sabo bai sa ta rage mini ko kwabo ba. Ɗaki mai fanka naira dubu tara, mai na'urar sanyaya ɗaki dubu goma sha huɗu, kuma wa zai nemi sanyi a hunturun Kano? Ta karɓi katin shaidata ta rubuta a wani babban littafi, ta ce kwana nawa? Na ce uku, na biya duka a take. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ina jan kunnen duk wanda zai sauka a irin wuraren nan: ka biya na dare ɗaya tukuna, gobe in kana nan ka ƙara. Na biyu, ban ce a nuna mini ɗakin ba kafin in biya. Da na gani da na roƙi na sama, domin wanda aka ba ni bango ɗaya ne ya raba shi da mashaya, kiɗa bai tsaya ba sai wajen ƙarfe biyu. Katifa ta lotsa a tsakiya kamar kwarya. Famfo ba ya kawo ruwa, sai babban bokiti da wani yaro ke cikawa da safe, ruwan kuwa kamar ƙanƙara. Janareta daga bakwai na yamma zuwa sha biyun dare, bayan nan kai da sa'arka da NEPA. Sakatar ƙofa da ƙusa ɗaya take riƙe, sai da na jingina kujera. Amma zanin gadon wankakke ne, wannan kam ba zan ci haƙƙinsu ba.

Babu buta, babu darduma. Na fita wajen maigadi, wani dattijo Bahaushe da ke zaune bakin ƙofa ya rufa da bargo yana jin rediyo, na tambaye shi gabas. Ya nuna mini, ya ara mini butarsa, ya ce in zan yi salla in fito rumfarsa, ɗakunan nan ba ya ba ni shawarar in sa goshina a ƙasansu. Na gane abin da yake nufi da na ga masu shigowa bibbiyu suna fita bayan awa guda.

Kafin in kwanta na kwance goron na duba. Iskar hunturu makashin goro ce, ta fi zafi saurin busar da shi. Na sayi fiya wata na yayyafa wa ganyen, na mayar na ɗaure, na sa shi a kusurwar da iska ba ta kaiwa. Ina cikin haka Inna ta kira, ta ce ka isa? Baba yana kusa yana ji. Na ce a'a, mota ce ta lalace mana a Mokwa. Sai da na kashe wayar na tuna cewa lalacewar mota a wannan hanyar ce ta raba gidanmu biyu, ga shi ni ma ita na ɗauko na yi ƙarya da ita. Ban yi barcin kirki ba.

Ranar Alhamis na tashi da shiri. Na ce bari in fara zuwa in ga gidan da rana, in san hanya, in ya so gobe in shiga. Na karya da amala a wata buka da ke bayan otal ɗin, (ku yi mini dariya, na zo Kano ina cin amala), na bar goron a ɗaki na hau adaidaita. Kwatancen da Inna ta ba ni na shekara goma sha shida ne: in ka wuce kasuwar Kurmi ka yi kaza, akwai injin markaɗe, akwai bishiyar darbejiya. Babu injin, babu darbejiya. Na yi ta zagaye cikin lunguna, kowanne kamar ɗan'uwansa. Na tambayi wasu samari da ke zaune a dakali, ina buɗe baki ɗayansu ya ce, Malam daga Legas kake? Ban san lokacin da "abi" da "sha" suke faɗowa cikin maganata ba sai ranar. A Badun ni Gambari ne, ni ne aboki. A nan kuma tun ban gama sallama ba an gane ba ɗan gari ba ne. Sai da na ce gidan Alhaji mai goro na Mariri, wanda ƙaninsa ke Badun, sannan wani ya ce a'a to ai ga shi can, mai koren ƙyaure.

Na tsaya daga nesa wajen wani mai rake. Ana kiran la'asar sai ƙyauren ya buɗe, wani dattijo ya fito yana gyara hannun riga. Jama'a, Baba ne. Tsayin, faɗin kafaɗar, yadda yake ɗan karkata kai hagu in yana tafiya, har yadda yake riƙe carbi a bayansa. Baba ne kafin ciwo, yana tafiya da ƙafafunsa biyu. Ban san ina kewar tafiyar mahaifina ba sai da na gan ta a jikin wani. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ya wuce ta gabana bai ko dube ni ba, ya shiga masallaci. Ni kuwa na juya na koma Sabon Gari kamar wanda aka kora.

Daren nan na kasa zaman ɗaki, na fito rumfar maigadi na saya mana shayi. Ban yi niyyar gaya masa komai ba, amma kafin kofi ya huce na zazzage masa duka. Na ce shawarar da na yanke ita ce in same shi a Mariri, a cikin mutane, inda ba zai iya wulaƙanta ni ba. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce yaro, a kasuwa aka yi ɓarnar, kada ka mayar da ita kasuwa. In ka same shi a rumfa, maƙwabtansa duk sun san labarin, zai amsa maka ne don idonsu, ko ya yi maka fara'ar ƙarya ko ya ɗaure fuska don kada a ce ya sauko. Na ce to in je gida da sassafe? Ya ce a'a, da safe hankalin ɗan kasuwa yana kan hanya. Gobe Juma'a, ba zai koma kasuwa bayan masallaci ba. Ka bari sai la'asar, ka shiga masallacin unguwarsu ka yi salla a sahu ɗaya da shi. In an sallame ka matsa ka durƙusa ka gaishe shi. Mutumin da ya gama cewa assalamu alaikum dama da hagu, da wuya ya juyo ya kori ɗan ƙaninsa. Kuma kada ka ce an aiko ka neman sulhu, kada ka ambaci mota, kada ka ambaci kuɗi. Ka ce ka zo gaisuwa, ka miƙa saƙo, ka yi shiru. Sannan ya ce in sayi sabulu da turmin atamfa ko da mai sauƙin kuɗi ne saboda matan gidan, don su ne za su riƙa tuna masa da ni bayan na tafi.

Da zan tashi ya ƙara da cewa, in ya tambaye ka inda ka sauka, ka shirya. Na ce in ce masa yau na iso? Ya ce ka ga dama. Amma Kano ba ta da girman da kake zato.

Juma'a da safe na shiga Kantin Kwari na sayi atamfa, na yi Juma'a, na koma na yayyafa wa goro ruwa karo na ƙarshe, na sa farar shaddata. Na isa masallacin tun kafin a kira salla. Na yi yadda aka ce. Da aka sallame na ja gwiwa na je gabansa na ce Baffa ina wuni. Ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowa, sannan ya tsaya ya dube ni da kyau. Ya daɗe yana kallo. Sai ya kira ni da sunan da kakata kaɗai ke kirana da shi, wanda ni kaina na manta. Ya ce tashi mu je.

A zaure aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka haifa bayan rigimar, ya san sunayensu duka. Bai tambayi Baba ba. Na tura ƙunshin gabansa na ce ga saƙo. Ya kwance ganyen a hankali, ya ɗauki goro ɗaya ya juya, ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya yi haka ya fi sau ashirin, yana nema, na san abin da yake nema. Babu ko ɗaya mai tabo. Ya ce wa ya zaɓa? Na ce shi da kansa. Ya ce an ce mini hannun ya mutu. Na ce da na hagu ya yi, tun hantsi har azahar. Baffa ya ɓare ɗaya ya sa a baki, ya juya fuskarsa wajen bango yana taunawa, ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Can ya ce, ina kayanka? Na ce suna masauki. Ya ce wane masauki, gidan wa? Na yi niyyar in yi ƙarya, sai na tuna ta Mokwa, na ce otal ne Baffa, a Sabon Gari, tun shekaranjiya. Kai! Ban taɓa ganin fushi irin wannan ba. Ya ce otal? Ina raye? Jikan mai saukar baƙi, a garin nan, kwana biyu? Ya ce jiya ma an gaya masa wani yaro mai Hausar 'yan Kurmi yana tambayar gidansa, ya zauna a zaure har goma na dare yana jira. Ya ce ubanka ne ya ce ka sauka a can don ya nuna wa duniya ba shi da kowa a Kano? Na ce wallahi a'a, cewa ya yi in sauka a gidanka, bai ma san na iso ba, ni na ji tsoro. Ya ce tsoron me? Na kasa amsawa. Ya ce kira mini shi in ji daga bakinsa.

Haka aka yi wayar, ba don sulhu ba, don a tabbatar da laifina. Inna ta ɗauka ta kara wa Baba a kunne. Baffa ya fara da faɗa, ka ji abin da ɗanka ya yi? Daga can na ji muryar Baba tana jan kalma ɗaya da ƙyar. Baffa ya yi shiru. Bai taɓa jin muryar ba tun da ciwon ya same shi. Ya ce na'am, ina jin ka, a hankali, ina jin ka. Ya ɗaga mini hannu alamar in ba su wuri, na fita ƙofar gida na tsaya wajen mai rake. Sun fi rabin awa. Abin da suka faɗa ban sani ba har yau, kuma maganar motar 2008 ba wanda ya ce an warware ta. Da na yi kwana biyar a gidan sau biyu Baffa yana ce mini goron waccan shekarar mai sankara ne, kowa ya sani.

Bayan magariba ya haɗa ni da ɗansa muka je ɗauko jaka. Na ba maigadi goro goma daga cikin wanda Baffa ya ɗebar mini, ya karɓa ya ce yaya, ya tambaya? Na ce ya tambaya. Ya yi dariya har da tari. Wajen kanta kuwa na roƙi 'yar garinmu ta mayar mini da kuɗin daren da ban kwana ba, na yi da Yarbanci, na yi da Hausa. Ta nuna mini wata takarda da aka manna a bango, ta ce ɗan'uwa, ko kai ne Olubadan, kuɗin da ya shiga littafin nan ba ya fita.